Darasi: Tsohon Maganin Ciwon Barci da Ake Gwadawa Kan Ƙwayoyin Cutar da ke Shiga Jini

Yau za mu ɗan ajiye zancen batir da kyamara, mu leƙa ɗakin gwaje-gwajen magunguna. Dalili kuwa shi ne wayar da ke hannunka ta zama babbar hanyar da labarin magani ke shigowa gidajenmu. Kafin likita ya ji, an riga an tura maka a WhatsApp: "Masana sun gano maganin kaza yana kashe cutar kaza." Daga nan sai wani ya nufi kemis a Tudun Wada ya ce a ba shi. Saboda haka za mu ɗauki bincike guda na gaske, mu warware shi zare-zare, domin idan irin wannan saƙo ya sake faɗowa a wayarka ka san ta inda za ka kama shi.

Tukuna, mece ce cutar?

Jinin mai lafiya ba ya ɗauke da bakteriya masu hayayyafa. Idan suka samu hanya suka shiga, ta miki, ko ta cibiyar jariri, ko ta huhu, ko mafitsara, ko allura mara tsafta, sai jini ya zagaya da su ko'ina. Jiki kan tashi ya yi yaƙi, wani lokacin kuma yaƙin ya wuce gona da iri har ya shiga lalata gaɓoɓinsa da kansa: bugun jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya, hankali ya gushe. Wannan hali shi likitoci ke kira sefsis. Wani ƙiyasi da mujallar The Lancet ta buga a 2020 ya nuna cewa a shekarar 2017 an samu kusan mutum miliyan 49 da suka shiga wannan hali a duniya, miliyan 11 daga ciki suka rasu.

Abin ba daga nesa yake ba. Tsakanin 2015 da 2018 an gudanar da wani babban bincike mai suna BARNARDS a ƙasashe bakwai na Afirka da Asiya, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Cardiff ta Birtaniya, kuma Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano na cikin wuraren da aka yi aikin, tare da wasu asibitoci a Abuja. An bi diddigin jarirai sama da 36,000. Bakteriyar da aka fi samu a jinin waɗanda suka kamu ita ce Klebsiella pneumoniae. Da aka gwada wani kaso na bakteriyoyin dangin nan, sai aka tarar kashi 97 cikin 100 ba sa jin ampicillin, kashi 70 cikin 100 kuma ba sa jin gentamicin. Waɗannan biyun su ne magungunan da aka saba fara ba jariri idan ana zargin cuta ta shiga jininsa. Ka ga ke nan ma'aikacin lafiya ya yi abin da littafi ya ce, uwa ta sayi abin da aka rubuta, amma allurar ba ta taɓa ƙwayar cutar ba.

A Najeriya kaɗai, ƙiyasin cibiyar IHME ta Amurka ya ce bijirewar bakteriya ga magani ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin 64,500 kai tsaye a 2019. A wannan shekarar kuma yammacin Afirka ne yankin da ya fi kowanne yawan irin wannan mutuwa idan aka auna da yawan jama'a.

Bakteriya mai ganuwa biyu

Sai ka fahimci wannan sashe kafin sauran darasin ya zauna maka.

A 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmark, Hans Christian Gram, ya fito da hanyar rina bakteriya don a gan su a madubin likita. Wasu kan riƙe rinin su fito shuɗi mai duhu, wasu kuma rinin ya wanke, su fito ja-ja bayan an sake rina su. Har gobe da wannan ake raba su gida biyu. Masu fitowa ja-ja, irin su Klebsiella da E. coli da Acinetobacter da Salmonella mai kawo taifod, su ne suka fi ba likitoci ciwon kai, saboda suna da ƙarin fata a waje wadda sauran ba su da ita.

Duk ɗan Tudun Wada ya san cewa a da, in za ka shiga birnin Zazzau, sai ta ƙofa. Ko ta Ƙofar Doka, ko Ƙofar Gayan, ko Kuyambana. Ganuwa ta kewaye sauran. To haka fatar wajen nan take. An gina ta da wani sinadari mai kitse da sukari a haɗe, wanda ake taƙaita sunansa da LPS, ga kuma ƴan ƙananan ƙofofi da ƙananan abubuwa kaɗai ke iya bi. Magunguna masu girman jiki irin su rifampicin da erythromycin da novobiocin suna da ƙarfin kashe bakteriya, amma in sun zo sai su tsaya a bayan ganuwa. Da za su shiga, da sun yi aiki.

Akwai wani tsohon magani, colistin, da ke iya fasa ganuwar. An taɓa jingine shi saboda yana taɓa ƙoda, daga baya aka dawo da shi a matsayin makamin ƙarshe. Sai ga shi a ƙarshen 2015 masana a ƙasar Sin sun ba da rahoton wata ƙwayar halitta mai suna mcr-1, wadda ke sauya fuskar ganuwar yadda colistin ba zai iya manne mata ba. Abin tsoron shi ne bakteriya na iya miƙa wa junansu wannan ƙwayar halitta, kamar dai yadda kake tura wa abokinka fayil ta Xender.

Daga Anchau zuwa Kanada

Maganin da darasinmu ya ginu a kansa sunansa pentamidine, kuma ba baƙo ba ne a tarihin wannan yanki.

A shekarun 1930 ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya addabi lardin Zazzau. Tsananinsa ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta ƙaddamar da shirin Anchau wajen 1937, inda aka sare kurmin bakin rafuka don korar ƙudan, aka tayar da ƙauyuka, aka gina sabon gari aka raɗa masa suna Takalafiya. Masanin ƙwari T. A. M. Nash na cikin jagororin aikin. Daga baya aka kafa cibiyar binciken wannan cuta ta Afirka ta Yamma a Kaduna, wadda a yau ake kira NITR. Abin da ke kawo ciwon barci ba bakteriya ba ce. Wata ƙwayar halitta ce mai rayuwa a jini, danginta ne ke kawo sammore ga shanu. An haɗa pentamidine a ƙarshen shekarun 1930, ya zama ɗaya daga cikin manyan magungunan matakin farko na cutar, kafin ta kai ga ƙwaƙwalwa. Daga baya aka riƙa amfani da shi kan wani nau'in ciwon huhu da ke kama masu cutar ƙanjamau. Yau akwai ƙwayar haɗiya mai suna fexinidazole da ta karɓi yawancin aikinsa a kan ciwon barci, amma har yanzu ana yi wa ƙananan yara allurarsa.

To a watan Maris na 2017, wani rukunin masana a Jami'ar McMaster da ke Kanada, ƙarƙashin Farfesa Eric Brown, tare da ɗalibinsa Jonathan Stokes, suka buga sakamakon wani aiki a mujallar Nature Microbiology. Ba sabon magani suka tafi nema ba. Sun ɗauko magunguna 1,440 da aka riga aka amince da su don wasu cututtuka daban, suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna tambaya: wanne ne zai iya girgiza ganuwar nan? Pentamidine ya fito.

Yadda yake yi abin sha'awa ne. Tubalan LPS na ɗauke da cajin lantarki na nagatif, don haka da an bar su da sun ture juna. Sinadaran magnesium da calcium masu cajin fozitif su ne sumuntin da ke riƙe su. Pentamidine dogo ne mai kai biyu, kowane kai da cajin fozitif. Idan ya iso sai ya manne wa tubalan, ya hargitsa zamansu, ganuwa ta yi ɓaraka. Shi kaɗai ba ya gamawa da bakteriyar. Aikinsa buɗe hanya ne, sai rifampicin ko novobiocin su bi ta ɓarakar su yi kisan. Abin da ya fi jan hankali shi ne dabarar ta yi aiki har a kan bakteriyar da ke ɗauke da mcr-1.

Ba su tsaya a faranti ba. Sun sa wa ɓeraye Acinetobacter baumannii wadda ba ta jin colistin, har ta bazu a jikinsu. Wannan bakteriya ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun farko na mafiya haɗari a jerin da ta fitar a Fabrairun 2017. Ɓerayen da aka ba magani ɗaya kaɗai ba su tsira ba. Waɗanda aka haɗa wa biyun kuwa kusan dukkansu sun rayu.

Me ya sa ake zumuɗin tsohon magani? Saboda sabo kan ci shekara goma ko fiye da maƙudan kuɗi kafin ya iso kasuwa, yawancinsu ma a hanya suke mutuwa. Tsoho kuwa an san yadda jiki ke sarrafa shi, an san illarsa, an san yadda ake ƙera shi. Kamfanoni kuma ba sa rububin ƙera sababbin magungunan bakteriya, tun da magani ne na kwana bakwai, kuma in ya yi kyau likitoci ɓoye shi suke yi sai ta ɓaci. Babu riba sosai.

Inda gizo ke saƙar

Da a WhatsApp ka ci karo da labarin, a nan zai ƙare, da alamar wuta guda uku. Amma akwai saura.

Na farko, pentamidine magani ne mai zafi. Yana iya kayar da sukarin jini ƙasa warwas, daga baya kuma ya lalata gaɓar da ke samar da insulin har mutum ya kamu da ciwon sukari. Yana taɓa ƙoda. Yana iya sa bugun jini ya faɗi nan take bayan allura, yana kuma iya rikita bugun zuciya. Yanzu ka tuna wane ne mai sefsis: mutum ne da jininsa ya riga ya faɗi, ƙodarsa na tangal-tangal. Maganin da ya dace da mai ciwon barci da ya tako da ƙafarsa zuwa asibiti ba lallai ya dace da wanda ke kwance rai a hannun Allah ba. Masu binciken sun san da haka, shi ya sa suka ci gaba da sauya fasalin sinadarin, har a 2022 suka ba da rahoton wani ɗan'uwansa da suka kira P35, wanda ya nuna ƙarancin illa a gwajin dabbobi. A dabbobi fa.

Na biyu, dabarar ba ta yi tasiri sosai kan Pseudomonas aeruginosa ba, wadda ita ma babbar mai kisa ce a asibitoci. Novobiocin da aka yi gwajin ɓerayen da shi kuma an daina sayar da shi don mutane a Amurka. Rifampicin kuwa ginshiƙin maganin tarin fuka ne. Duk wanda ya san aikin da ake yi a cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye, nan Zariya, ya san cewa in aka shiga shan rifampicin barkatai, masu tarin fuka ne za su biya kuɗin.

Na uku kuma tarihi ne, kuma ni shi ya fi tsaya mini a rai. An taɓa yi wa wannan magani kirari fiye da ƙima. A shekarun 1940 da 1950, musamman a ƙasashen da Faransa da Beljiyam suka mulka, an riƙa jera jama'a masu lafiya ana yi musu allurarsa da sunan rigakafin ciwon barci, da sunan Lomidine. A Nuwamban 1954, a yankin Yokadouma na gabashin Kamaru, ruwan allurar ya gurɓata da bakteriya, ɗaruruwa suka kamu da ruɓewar tsoka, kimanin mutum 30 suka mutu. Daga baya aka gane cewa allurar ba ta ma ba da kariyar da ake zato ba. Masanin tarihi Guillaume Lachenal ya rubuta littafi sukutum a kan wannan. Waɗanda suka yi aikin likitoci ne masu takardu, tabbacin da suke da shi ne ya wuce hujjar da ke hannunsu.

Mu ma mun ga namu. A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙon waya ɗaya ya tashi gari da asuba ana wanka da ruwan gishiri ana sha, har aka rasa rayuka. A Maris na 2020 an kwantar da mutane a Legas saboda shan chloroquine fiye da ƙima bayan an ji shugaban Amurka ya yabe shi. Sai ivermectin, maganin tsutsa na gaske mai daraja, wanda ya sa aka ba Satoshi Omura da William Campbell kyautar Nobel a 2015, wanda kuma da taimakonsa Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, a Janairun 2025. A Afrilun 2020 masana a Jami'ar Monash ta Ostareliya suka nuna yana hana ƙwayar korona hayayyafa a faranti. Gaskiya ne, ya hana. Sai dai yawan da suka zuba ya ninka abin da jinin mutum zai iya ɗauka sau da yawa. Da aka yi babban gwaji kan marasa lafiya 1,358 a Burazil, aka buga a 2022, ba a ga ya rage kwanciya asibiti ba.

Ina kwamfuta ta shigo?

Ga abin da ya haɗa wannan zance da shafinmu. Jonathan Stokes ɗin nan ya koma cibiyar MIT a Amurka, inda ya yi aiki da James Collins da Regina Barzilay, masaniyar ƙirƙirarriyar basira. Maimakon gwada sinadarai ɗaya-ɗaya da hannu, sai suka koya wa kwamfuta. Sun ba ta bayanan sinadarai kimanin 2,300, kowanne da alamar ko ya hana E. coli girma ko bai hana ba, har ta koyi irin fasalin da ke aiki. Sannan suka sake ta a kan wata taska ta sinadarai kusan 6,000 da aka tara don neman sabon amfaninsu. Ta nuna wani sinadari da aka taɓa bincike a kai don ciwon sukari. Aka gwada, ya kashe bakteriya iri-iri. Suka sa masa suna halicin, daga sunan kwamfutar HAL ta fim ɗin 2001: A Space Odyssey. An buga wannan a mujallar Cell a Fabrairun 2020. A 2023 kuma, bayan ya koma McMaster, irin wannan hanya ta fito da abaucin, mai farautar Acinetobacter ita kaɗai.

Abin da kwamfuta ta rage shi ne wahalar tankaɗe. Ta duba miliyoyin sinadarai a ƴan kwanaki, ta ce ku fara da waɗannan. Ba ta rage ko taku ɗaya daga gwajin dabbobi da na mutane ba. Halicin da abaucin ba magungunan da likita zai rubuta maka ba ne a yau. Ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na harhaɗa magunguna a Samaru kuwa, ƙofa ce a buɗe: taskokin sinadarai irin su PubChem da ChEMBL kyauta ne a intanet, manhajar Chemprop da aka yi aikin halicin da ita tana nan a GitHub, kuma da Google Colab za ka iya fara koyo ko da kwamfutarka mai ƙaramin ƙarfi ce.

Gwada da wayarka

Buɗe burauzarka ka shiga PubMed, taskar bincike ta kyauta. Rubuta pentamidine da colistin a akwatin nema, za ka ga takardar 2017 ɗin. Ba sai ka karanta duka ba, taƙaitaccen bayanin da ke sama ya isa. Abin da za ka nema shi ne a kan me aka yi gwajin. In ka ga in vitro, a faranti ne. In ka ga mice ko murine, ɓeraye ne. Sai ka ga patients tare da randomized kafin ka ce an gwada a kan marasa lafiya ta hanyar raba su gida biyu da ƙuri'a, a ba waɗannan a hana waɗancan, a kwatanta. Ko a nan ma duba adadinsu. Mutum 20 ba 2,000 ba ne. In Turancin ya yi kauri, Google Translate na da Hausa, ko da yake yakan yi tuntuɓe a kalmomin likitanci, don haka kar ka dogara da shi kan adadin magani.

Daga nan leƙa ClinicalTrials.gov, ko rajistar gwaje-gwaje ta Afirka da ake kira PACTR, ka ga ko akwai gwajin mutane da aka yi wa rajista. Wannan rajista ba ado ba ce. Mutanen Kano ba su manta da gwajin Trovan na 1996 lokacin annobar sanƙarau ba, wanda ya kai ga shari'ar shekaru kan batun izinin iyaye. A Najeriya gwajin magani kan mutane na buƙatar amincewar NAFDAC da ta kwamitin ɗa'ar bincike. Shi kuma maganin da ka saya, in yana da wurin kankarewa a kwalinsa, kankare ka tura lambar ta saƙon tes zuwa lambar da aka rubuta a jiki, amsa za ta zo ko na gaske ne.

Wani abu kuma da ya fi duk waɗannan gaggawa. Idan jariri ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi rau ko ya yi sanyi ƙalau, yana numfashi da sauri ko ya yi laushi. Ko babba mai zazzaɓi ya fara sambatu, fitsarinsa ya ɗauke, to ba lokacin bincike a waya ba ne, ba kuma lokacin kafso daga kemis ba ne. A sefsis awanni ake ƙirgawa. A nufi asibiti, ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na ABU da ya koma Shika daga Tudun Wada a 2005, ko duk wanda ya fi kusa. A tafi da kwalayen duk maganin da aka riga aka sha, ko a ɗauki hotonsu a waya a nuna wa likita. Idan ya ce a ɗebi jini a shuka shi a ɗakin gwaji don a ga wace bakteriya ce kuma wane magani take ji, a daure a yi, kuma an fi so a ɗiba kafin allurar farko, domin maganin da aka sha a gida na iya hana ƙwayar fitowa. Sakamakon kan ɗauki kwana biyu zuwa biyar, likita zai fara magani kafin ya fito, in ya fito kuma ya gyara.

Mai tambaya kan yadda ake amfani da PubMed ko Colab a waya ya ajiye ta a ƙasa, za mu haɗa su mu amsa a darasi na gaba in Allah ya kai mu.